Shahon da Sikawa Suka Ciyar

Idan na je gida aka tambaye ni aikin da nake yi a Riyad, nakan ce direba ne ni, in tsaya a nan. Ban yi ƙarya ba. Abin da ba na ƙarawa shi ne fasinjan da na fi ɗauka tsuntsu ne. Maigidana, wato kafilin da ya ɗauko ni aiki, wanda igamata, katin izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, attajiri ne mai son farauta, kuma a cikin duk abin da Allah Ya hore masa ba abin da yake ji da shi kamar wani farin shaho. Shahon nan yana da likitansa, yana da ɗakinsa mai esi, har fasfo gare shi ɗauke da lambar zoben ƙafarsa. Nasa fasfon yana cikin jakar da nake rataye da ita, nawa yana cikin durowar maigida. A mota kujerar gaba tasa ce. Idan sanyi ya yi mini yawa sai in sa jaket, don ba domin ni aka kunna ba.

Ran Juma'a idan na leƙa Manfuha wajen 'yan'uwa Hausawa, tun daga matakala ake fara tsiya. "Ga direban tsuntsu nan! Ya jikin oganka mai fiffike?" Nakan amsa da cewa ogana aƙalla ba ya zagi, ba kuma ya cewa in juya ya manta waya. Sai a yi dariya a miƙo mini tuwo.

A shekarar da nake ba da labari, babbar 'yata za a ɗaura wa aure. Ta gama karatun jinya, ta kawo yaro mai hankali, ƙanena ya bincika ya ce in kwantar da raina. Yarinyar nan a waya ta girma a wurina. Haƙoranta na fari a hoto na gan su, saukarta ta Alƙur'ani a bidiyo na kalla. Sai na ɗaura wa kaina cewa wannan karon kam da ƙafata zan tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu, in ji da kunnena an ce an ɗaura. Na yi ta safarar kasuwar Batha har 'yan shago suka gane ni: mayafai, turare, tukwane, dabino, da kwalayen alewar Larabawa don 'yan biki. Maigida ya yi alkawarin danna mini huruj, izinin fita da dawowa, a wayarsa. Direban gida irina ba ya fita ƙasar sai da wannan dannawa, kuma yatsan na maigida ne.

Biki ya matso, muka fita horo bayan gari, kudu da unguwar Shifa, ni da maigida da mai horar da shahon, wani ɗan Pakistan mai shiru-shiru daga yankin Panjab. Maigida yana waya yana dariya ya zare wa tsuntsun 'yar hular fatar da ake rufe masa ido da ita, bai jira mai horo ya shirya ba. Garken tattabaru suka gilma, shaho ya bi su, ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace mana. Ni ina can bayan mota ina haɗa shayi. Amma laifi a gidan nan kamar ruwan indararo yake, ƙasa yake gangarowa. Maigida ya juyo ya ce ƙarar buɗe but ɗina ce ta firgita tsuntsun.

"Tal umrak, Allah Ya ja kwananka, ai ban..."

"Kalas, magana ta ƙare! Babu shaho, babu huruj."

Allah Ya sa akwai 'yar na'ura a wutsiyar shahon da ke nuna inda yake a waya. Muka mai da maigida gida, ni da mai horo muka bi ɗigon har cikin unguwar gareji da ke bayan Shifa. Ɗigon ya tsaya a wani wagegen fili da ake ajiye tireloli. Muna shiga na ga mutane masu rawuna kala-kala da gemu har ƙirji, kowa da warwaron ƙarfe a hannu. Sikawa ne, mutanen Indiya masu addininsu daban. Na sha wuce su a titi suna jan manyan motoci, amma ban taɓa sanin ko me suke ci ba.

Babbansu wani dattijo ne mai farin gemu da tumbi, kowa na ce masa Sardaji, lakabin girmamawa ne a wurinsu. Da Larabcin 'yan aiki muka yi magana, wanda babu ruwansa da nahawu, inda ya maƙale mai horo ya fassara, don ashe yarensu ɗaya. Na ce tsuntsun maigidana muka zo nema. Sardaji ya nuna sama da leɓe. Can ƙololuwar wani dogon ƙarfen fitila, ga ogana zaune, ya bubbuɗa gashi, maƙoshinsa ya yi tulu.

Mai horo yana ganin maƙoshin nan ya dafe kai. "Wa ya ba shi abinci?"

"Mu mana," in ji Sardaji, yana mamakin tambayar. "Ya sauko kan tankin ruwa yana haki. Baƙo ne."

Ashe al'adarsu ce. Duk inda Sikawa suka taru akwai tukunyar da ba a tambayar mai ci ko shi waye, ko daga ina, ko me yake bauta wa. Ka zo, ka zauna a ƙasa, a zuba maka. Su a tukunyar nan ba sa sa nama, amma da suka ga baƙon nasu ya ƙi kallon wake, sai suka tura mota takanas aka sayo masa ɗanyar kaza. Ya ci ya yi nak, sannan ya haye sama don ya huta.

To ga inda gizo ke saƙar. Shahon farauta ba ƙauna ke dawo da shi hannun mai shi ba, yunwa ce. Kullum ana auna masa abin da zai ci, a bar shi da ɗan saura a ciki, don in an kaɗa masa tarin gashin tsuntsu a igiya ya taho da gudu. Wanda ya ƙoshi ko kallonka ba zai yi ba. Mai horo ya yi ta kaɗa igiya yana kira har muryarsa ta dishe, ogana ya juya mana baya. Aka ce sai dai a jira cikinsa ya sauka. Na ji bayanin nan na yunwa ya taɓa ni a wani wuri.

Sardaji ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar tirela, aka kawo gurasarsu da romon wake da shayi mai madara. Yana kallona yana murmushi cikin gemu, can ya kasa daurewa ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa.

"Sadik, abokina, ka san kai waye? Kai ne ɗan aiken sarki. Yaƙinmu na farko da daular Mugul, ta sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, a kan wannan aka yi. Sem-sem, iri ɗaya sak. Farin shaho."

Na ɗauka tsokana ce. Sai ya gyara zama ya fara. Ya ce malaman addininsu na farko mutanen waƙe da wa'azi ne, ba su da ko sanda. Sai aka kama malaminsu na biyar aka azabtar da shi har ya mutu a hannun hukumar sarki. Ɗansa da ya gaje shi, malami na shida, ranar naɗinsa ya rataya takubba biyu, ɗaya na addini, ɗaya na duniya. Ya fara tara dawakai, yana fita farauta da shaho, abin da a lokacin ake gani na sarakuna ne kawai. Wata rana sarki ya fito farauta kusa da garinsu, farin shahonsa ya kufce ya faɗa hannun Sikawa. Aka turo 'yan aike a karɓo. Sikawa suka ce abin da ya shigo wurinsu neman mafaka ba a mai da shi.

"Sai 'yan aiken suka yi yaya?" na tambaya, don yanzu maganar ta shafe ni.

"Suka yi tsiwa, aka lallasa su."

Na ɗan ja tabarmata baya. Mutanen suka kwashe da dariya.

Ni fa da na ji cewa sarkin nan Musulmi ne, sai na ji jinina ya motsa. Ban taɓa jin labarinsa ba sai ranar, ban san a wace kusurwa garinsa yake ba, amma nan take ya zama ɗan'uwana na jini. Na ce gaskiya dai kayan mutum kayansa ne, ko a shari'a tsintuwa cigiyarta ake yi. Mai horo ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce su ma ba haka aka ba su labarin a makaranta ba. Suka kaure da musu cikin yarensu, shi da wani direba, kai ka ce jiya aka yi abin kuma da su aka yi.

Sardaji ya bari suka gaji, sannan ya dube ni. "A cikin manyan mayaƙan malaminmu akwai Musulmi. A rundunar sarki akwai 'yan Hindu. To zaɓi ɗan'uwanka, sadik." Na kai gurasa baki. Ya ce shaho hujja ce kawai. Abin da ya ɓata wa fada rai shi ne a ce talaka ya hau doki, ya ɗaga kai, ya ce a'a.

Ya ci gaba. Sarki ya turo runduna, kuma ranar ta zo daidai da shirin bikin 'yar malamin. Da na ji haka sai na ajiye kofin shayi. Aka yi maza aka fitar da iyali da amarya zuwa wani ƙauye. Sojojin sarki suka shigo gidan suka tarar da tulin kayan zaƙi na biki, suka zauna suka yi musu ɗiban karan mahaukaciya, ciki ya yi nauyi, barci ya kwashe su. Gari na wayewa Sikawa suka auka musu, jagoran rundunar ya faɗi, saura suka ranta a na kare.

"Bikin fa?" na ce.

"Aka yi shi mana. Malam ya wanke ƙurar yaƙi, ya tafi ƙauyen ya aurar da 'yarsa."

A nan ne na ba shi labarin tawa 'yar, da maganar huruj. Dariya ta ɗauke daga fuskarsa. Ya miƙe ya daka tsawa cikin yarensu, sai ga gardawa sun fito daga ƙarƙashin motoci. Matsalar ita ce tattabaru. Filin cike yake da su saboda kullum ana watsa musu hatsi, kuma in shaho ya ji yunwa ya ga abinci na yawo a ƙasa, me zai yi da igiyarmu? Sardaji ya ba da doka: daga yanzu ba hatsi, kuma a kori duk wata tattabara. Mai dafa abinci ya yi ta ƙunƙuni, wai tunda aka kafa tukunyar nan ba a taɓa hana wani mai rai ci ba, sai yau saboda tsuntsun attajiri. Haka na wuni ina kallon zuriyar mutanen da suka tari rundunar daula suna zagaye fili da tawul da murfin tukunya suna faɗa da tattabaru. Ni ma ina ciki, da jaket ɗina a hannu, ina "has! has!" kamar mai gadin shanya.

A motar maigida muka kwana. Da safe shahon na nan inda yake, maigida kuwa ya kira har wayata ta yi zafi. Tsakanin korar tattabaru Sardaji ya ƙara mini wani. Ya ce yaƙin da ya biyo baya kuma a kan dawakai ne. Wani mabiyi ya taho wa malam da kyautar ingarmu biyu, ma'aikatan sarki suka gani a hanya suka ce sun fi dacewa da barga ta fada, suka ƙwace. Sai wani Basike ya je ya nemi aikin yankan ciyawa a bargar, ya yi ta biyayya yana sunkuyar da kai har aka saki jiki da shi, rana ɗaya ya haye doki ya tsallake katanga. Na ce wato da bizar lebura ya shiga. Sardaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce in ban kiyaye ba zai ɗaura mini rawani.

"Ka bar mana shahon," ya ce, rabi wasa. "Ka ce wa kafilinka ya nemi mafaka. Kai ma ka zauna, tukunya na da girma."

Na ce Sardaji, ku kuna da takubba biyu, ni lasisin tuƙi gare ni, shi ma da sunan gidan wani.

Bayan la'asar maƙoshin shahon ya sace, ya fara leƙen ƙasa. Mai horo ya fito da igiya ya kaɗa, ya kaɗa, tsuntsun ya buɗe fiffike ya sake rufewa. Hannun mutumin ya gaji, ya miƙo mini safar fata da ɗan guntun nama ya ce in riƙe masa ya sha ruwa. Ni kuma raina ya gama ɓaci. Na tuna akwatunan da ke jere a ɗakina, na tuna 'yata, na ɗaga kai na zazzaga masa da Hausa tsantsa: "Kai dalla sauko, ɗan banza mara mutunci! Ni za ka tona wa asiri?" Ban rufe baki ba na ji iska a fuskata, nauyi ya sauka a hannuna. Filin ya kaure da ihu. Sardaji ya rungume ni har ƙasusuwana suka amsa.

Ni na san ba komai ba ne illa yunwarsa ta kai lokacin da naman ke hannuna. Amma mai horo, bawan Allah, ya so ya yi mini alheri. Muna isa gida ya tsaya gaban maigida ya kwarara mini yabo: shi ya yi ta kira a banza, amma tsuntsun na jin muryata ya taho, shekarun nan da nake tuƙa shi ya saba da ni, duk Riyad babu wanda ya yarda da shi kamar ni. Maigida ya sumbaci kan shahon, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce masha Allah, ashe dukiya gare shi a gida bai sani ba. Na ga wayarsa a hannu, na ce a raina yanzu zai danna mini huruj.

"To ka ga yanzu ba ka da tafiya," ya ce. "Lokacin farauta ya kama, jibi za mu shiga sahara. In ya sake ɓacewa wa zai kira shi? Bayan an dawo ka je ka huta, har wata biyu in kana so."

"Tal umrak, bikin..."

"Ba ka da ɗan'uwa a can? Ya tsaya maka. Mabruk, mabruk, Allah Ya sanya alheri."

Da ɗan aiken sarki ya koma hannu banza, duka kawai ya sha. Ni da na kawo shahon, aka saka mini da shahon. Na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ce "na'am, tal umrak", don bakina ya riga ya saba.

Kayan da za su iya tafiya na ba wani ɗan garinmu da ke komawa. Kwalayen alewa suka yi masa nauyi, sai na zuba su a but, washegari na bi ta garejin Sikawa. Na tarar an koma watsa wa tattabaru hatsi. Sardaji na ganin kwalayen ya washe baki ya fara taya ni murna, na girgiza kai na gaya masa yadda aka yi. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Da mun riƙe shi," ya ce. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

Na ce a raba wa yara su ci, na biki ne. Ya ce za su ci, amma ba za su yi barci kamar sojojin sarki ba. Ya yi ƙoƙari ya ba ni dariya, ni ma na yi ƙoƙari na yi.

Ranar ɗaurin aure muna tsakiyar sahara, rana ta take. Maigida da abokansa suna cikin tanti, aka bar ni a mota da ogana don kada zafi ya taɓa shi. Na lallaɓa da motar na hau wani tudun yashi inda waya ke ɗan kamawa. Ƙanena ya kira ya ɗaga wayar sama a cikin taro. Na ji hayaniyar unguwarmu, na ji tarin wani maƙwabcina da na gane, na ji liman ya tambayi waliyyin amarya, na ji muryar ƙanena ta amsa a inda tawa ya kamata ta fito. Aka shafa fatiha, ni ma na shafa, hannu ɗaya a kan sitiyari. Shahon na gefena da hularsa, ko motsi bai yi ba.

Can aka shiga da wayar cikin gida, guɗa na tashi, aka ba amarya. Na shirya maganganu da yawa tun daga Riyad, duk suka gudu. Na ce, "Uwata, ki yi haƙuri."

"Haba Baba, ba komai wallahi," ta ce. Muryarta ƙalau, irin ta wadda ta daɗe da iya wannan amsar. Sannan ta tambaya, ba da gatse ba, da zuciya ɗaya, yadda ake tambayar lafiyar wani babba a gida: "Tsuntsun dai ya ci abinci ko?"

Na ce ya ci.